Gani Ya Kori Ji: Yadda Ake Cin Moriyar Kasuwar Baje Koli

Gabatarwa

A kowace shekara, da zarar damina ta ɗauke, an shigar da amfanin gona gida, akan fara jin sanarwa a gidajen rediyo cewa za a buɗe kasuwar baje koli. Ta Legas takan ci a watan Nuwamba. Ta Kano takan biyo baya dab da ƙarshen shekara, a filinta da ke titin Gidan Zu. Ta Kaduna kuwa, wadda Cibiyar Ciniki, Masana'antu, Ma'adinai da Aikin Gona ta jihar ke shiryawa a filin Rigachikun da ke kan hanyar Zariya, yawanci takan faɗo ne tsakanin Fabrairu da Maris, kuma a shekarar 2019 aka yi ta karo na 40. Kowacce daga cikinsu takan ɗauki kimanin kwana goma ko fiye.

Manyan kamfanoni ne suka fi ɗaukar ido a irin wannan taro, amma akwai masu ƙaramin ƙarfi da yawa a cikinsa: cibiyoyin binciken aikin gona, sassan jami'o'i, masu sayar da iri, masu kiwon kaji da kifi da zuma, ƙungiyoyin mata masu sarrafa gyaɗa da waken soya, har da makarantun sakandare. Ga waɗannan, kuɗin rumfa da na mota da na makwanci da abincin kwana goma ba ƙaramin abu ba ne. Sau da yawa ribar shekara ce ake ɗauka a zuba. Duk da haka, da dama daga cikinsu sukan koma gida da kaya sun sha ƙura, wasu sun lalace, ba tare da sun iya faɗin abin da tafiyar ta haifar ba.

Hanyar kauce wa wannan asara ita ce a ɗauki baje koli tamkar gwajin kimiyya. Mai gwaji yakan san tambayar da yake son amsawa kafin ya fara, ya kawo hujjar da kowa zai iya gani, ya kiyaye kayan gwajinsa, sa'an nan ya auna sakamako ya rubuta. Waɗannan matakai huɗu su ne kuma matakan cin moriyar baje koli.

Bambancin Baje Koli da Kasuwa

Ɗan koli, kamar yadda aka san shi a ƙasar Hausa, shi ne mai yawo da ƙananan kaya, allura da madubi da turare da zobe, wanda kan shimfiɗa su a fili don kowa ya gani. Daga nan sunan ya samo asali. To amma akwai bambanci tsakanin baje koli da kasuwar yau da kullum. Wanda ya je kasuwar Dawanau sayen gero ya san abin da yake so tun daga gida. Wanda ya shiga filin baje koli kuwa ya zo ne ya ga abin da bai sani ba. Saboda haka aikin mai rumfa na farko shi ne gabatarwa da gamsarwa. Ciniki yakan biyo baya, wani lokaci bayan watanni.

Baje koli irin na zamani ya bunƙasa ne tare da bunƙasar masana'antu a Turai. A shekarar 1851 aka yi wani gagarumi a birnin Landan, cikin wani katafaren gini na ƙarfe da gilashi, daga watan Mayu zuwa Oktoba, inda aka ƙidaya shigar 'yan kallo kimanin miliyan shida. Da ribar da aka samu aka sayi filin da gidan tarihin kimiyya da gidan tarihin halittu na Landan suke a kai yau. A baje kolin birnin Filadelfiya na Amurka, a 1876, Alexander Graham Bell ya nuna wayar tarho, har sarkin Birazil na lokacin ya kara ta a kunne ya ji muryar mutum. Ashe ke nan tun farko kimiyya da baje koli tafiyarsu ɗaya.

Tambaya Kafin Tafiya

Gwajin da ba shi da tambaya wasa ne da kayan aiki. Haka ma rumfar da ba ta da manufa. Kafin a biya kuɗin fili, ya kamata a zauna a rubuta abu ɗaya ko biyu da ake son samu, a yadda za a iya ƙidaya su. "Muna son mutane su san mu" buri ne mai kyau, amma ba ya aunuwa. "Muna son samun dillalai goma da za su riƙa karɓar zumarmu a Kaduna da Zariya" ko "muna son manoma ɗari biyu su karɓi samfurin sabon irin wake su gwada a gonakinsu", waɗannan su ne manufofin da za a iya dubawa a ce an cim musu ko ba a cim musu ba.

Manufar ce za ta nuna wace kasuwa za a je. Mai irin gero da dawa ya fi dacewa da Kano ko Kaduna, ko nune-nunen amfanin gona da akan yi a jihohi, ko wanda akan haɗa da bikin kamun kifi na Argungu. Ita ce kuma za ta nuna kayan da za a ɗauka, da yawansu, da mutanen da za su tsaya a rumfa. Wajibi ne a nemi fili da wuri, domin rumfunan da ke bakin manyan hanyoyi da mahaɗarsu su ake fara kamawa. Haka nan yana da kyau a sanar da waɗanda ake son gani tun mako biyu ko uku kafin buɗewa, ta waya ko wasiƙa ko saƙon WhatsApp, a faɗa musu lambar rumfa da ranar da za a yi nunin aiki. Baƙon da aka gayyata ya fi wanda ya faɗo bisa tsautsayi.

Idon Ɗan Kallo da Ƙafarsa

Ɗan kallo halitta ne mai iyaka, kuma sanin iyakarsa shi ne rabin tsara rumfa. A bayan ƙwayar ido akwai wani tantani mai karɓar haske. A tsakiyarsa akwai ɗan gurbi ƙanƙane, kuma shi kaɗai ne ke gani tangaram. Faɗin abin da wannan gurbi ke ɗauka a lokaci guda bai wuce faɗin babban yatsa ba idan mutum ya miƙe hannunsa gaba. Sauran filin gani dishi-dishi ne, ya fi ƙwarewa wajen lura da motsi da bambancin haske da duhu. Dalili ke nan da ya sa rumfar da ake wani aiki a cikinta, ana niƙa ko ana tacewa ko kifi na iyo, take janyo mai wucewa tun kafin ya karanta komai. Gefen idonsa ne ya hango motsin, sa'an nan ya juyo.

Da ya juyo, 'yan daƙiƙoƙi ne gare shi. Binciken masana halayyar ɗan Adam ya nuna cewa abubuwan da mutum ke iya riƙewa a zuci a lokaci guda ba su da yawa, kamar huɗu ne ko kusa da haka. Allon da aka cika da tarihin kamfani da sunayen shugabanni da jerin kaya talatin bai isar da komai ba. Abin da ake bukata shi ne jimla ɗaya, da manyan baƙaƙe, mai faɗin amfanin da mai saye zai samu, cikin harshen da yake ji. Ƙiyasin masu rubutun allo shi ne a ƙara kimanin santimita biyu da rabi a tsawon harafi a kan kowace mita uku ta nisan mai karatu. A Kano da Kaduna, allon da aka rubuta da Hausa, a boko da ajami, ya fi na Ingilishi zalla isa ga manoma.

Sai kuma gajiya. Tun a 1916 wani jami'in gidan adana kayan fasaha na birnin Boston mai suna Benjamin Gilman ya ɗauki hotunan wani mutum yana sunkuyo, yana tsuguno, yana ɗage, duk don ya ga kaya ya karanta bayaninsu. Da waɗannan hotuna ya nuna cewa yadda ake jera kaya yana gajiyar da mai kallo har ya daina kula. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa mutane sukan daɗe a kan abubuwan da suka fara gani, sa'an nan tsayuwarsu ta riƙa raguwa. A filin baje koli ga rana, ga ƙura, ga amon lasifika ta kowane gefe. Don haka a ɗora muhimman kaya tsakanin ƙugu da ido, a bar ƙofar rumfa a buɗe ba tare da an gitta tebur ba, a kuma tanadi inuwa da benci da ruwan sha. Wanda ya zauna ya huta ya fi sauraro.

Hujja a Gaban Ido

A 1854, a baje kolin birnin Niyok, wani maƙeri mai suna Elisha Otis ya hau kan dandamalin na'urar ɗaga kaya, aka ja shi sama a gaban jama'a, sa'an nan ya ba da umurni a sare igiyar. A wancan zamani tsoron tsinkewar igiya shi ya hana mutane amincewa da irin wannan na'ura. Da aka sare, sai dandamalin ya ɗan zame kaɗan ya tsaya cak, domin birkin da Otis ya ƙera ya kama. Shekara uku bayan haka aka kafa na'urarsa ta farko mai ɗaukar mutane a wani kanti a birnin. Abin da ya yi shi ne ya gano ainihin shakkar da ke zukatan mutane, ya amsa ta a aikace.

A ilmin halittu hujja mafi ƙarfi ita ce kwatanci, wato a ajiye abu biyu gefe da gefe, komai nasu ɗaya ban da abin da ake gwadawa. Kyakkyawan misali shi ne buhun ajiyar wake mai ninki uku da ake kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da takwarorinsu na Kamaru da Nijar da Nijeriya. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Idan an ɗaure kowanne tam, ƙwarin da ke cikin waken sukan shaƙe iskar oksijin da ta rage, su daina ci da hayayyafa, su mutu, ba tare da an sa maganin ƙwari ba. Da aka fara yaɗa buhun a 2007, malaman gona ba su tsaya kan bayani ba. Sukan tara mutanen ƙauye bayan girbi a ɗaure buhuna a gabansu, bayan wata huɗu zuwa shida a sake taruwa a kwance a bainar jama'a. Mai son nuna wannan a baje koli sai ya fara shiri tun lokacin girbi, ya zo da wake iri ɗaya kashi biyu, na buhun PICS da na buhun gargajiya, ya bar mutane su damƙa su gani.

Haka ma tukunyar sanyi ta Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya yi koyarwa a jihar Jigawa, ya kuma sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ƙaramar tukunya ce cikin babba, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yayin da ruwan ke tsattsafowa ta jikin tukunyar waje yana bin iska, yakan tafi da zafi, cikin ya yi sanyi, kayan lambu su daɗe ba su yanƙwane ba. Ma'aunin zafi biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje, sun isa hujja. Sai dai a lura: dabarar ta fi aiki inda iska ta bushe. A Kano cikin hunturu bambancin zai fito sarai, a Legas mai laima kuwa zai ragu. Wajibi ne a gwada kowane nuni a yanayi irin na wurin da za a kai shi.

Mai sayar da iri shi ma yana da tasa hujjar mai sauƙi. Ya ƙirga ƙwaya ɗari ya jera a faranti mai jiƙaƙƙen yashi mako guda kafin buɗewa, ya rubuta ranar. Manomi da kansa zai ƙirga waɗanda suka tsiro. Idan kuma irin daga wata cibiya ya fito, kamar nau'o'in SAMPEA na wake ko SAMNUT na gyaɗa ko SAMMAZ na masara na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a rubuta cikakken sunansa da kwanakin da yake yi kafin ya nuna. Abin da bai kamata ba shi ne ƙari a magana. Manomin da aka yi wa alkawarin buhu ashirin ya sami goma zai faɗa wa ƙauyensu kaf, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Kaya Masu Rai

Mai baje bokitin roba ba ya fargabar rana. Mai baje iri ko kifi ko kaji ko nono kuwa kayansa suna numfashi, ko kuma wasu halittu suna jiran su ci su. A watan Maris zafin rana a Kaduna yakan kai digiri 35 a ma'aunin Salshiyas, ƙarƙashin rufin kwano ma ya zarce haka.

Iri abu ne mai rai, yana barci ne kawai. Wani masanin iri ɗan Amurka mai suna Harrington ya fitar da ƙa'idar da ake aiki da ita har yau: duk ƙarin zafi na digiri 5 yakan rage tsawon ran iri da rabi. Irin da aka fitar daga ɗaki mai digiri 25 aka shanya a tebur mai digiri 40 yana tsufa ne ninki takwas. Saboda haka kaɗan za a fitar don nuni, sauran a bar shi a inuwa cikin mazubi mai murfi.

Ruwa kuma, gwargwadon ɗuminsa gwargwadon ƙarancin oksijin da yake riƙewa: kimanin miligiram 9 a kowace lita a digiri 20, amma kimanin 7.5 a digiri 30. A daidai lokacin ne kuma jikin kifi ke ƙara bukatar iskar, domin zafin jikinsa na bin na ruwan. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a kanta da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take jurewa. Karfasa ba ta da ita. Mai nuna karfasa sai ya rage yawanta a tanki, ya sa na'urar hura iska mai batir, ya rage ba ta abinci, ya kuma riƙa canza wani kaso na ruwan kullum.

Kaza ba ta gumi. Zafin jikinta ya kai kimanin digiri 41, kuma da haki take fitar da shi. Idan aka cunkusa kaji a keji cikin rana, za a ga sun buɗe baki sun saki fukafukai, daga nan sai mutuwa. Suna bukatar sarari da iska da ruwa mai sanyi a kowane lokaci.

Abinci da abin sha su suka fi haɗari, musamman wanda ake ba mutane su ɗanɗana. A yanayi mai ɗumi wasu nau'o'in bakteriya sukan ninka yawansu cikin kowane minti ashirin. Da wannan lissafi, ƙwaya ɗaya tak da ta faɗa cikin nono ko zoɓo ko kunun aya da ƙarfe goma na safe tana iya zama fiye da 260,000 kafin ƙarfe huɗu na yamma. A ajiye su cikin ƙanƙara, a zuba kaɗan-kaɗan, kowa da nasa kofi ko cokali. Abincin da aka ƙunshe don sayarwa kuma ya kasance da lambar hukumar NAFDAC da ranar da zai daina aiki.

Tsarabar da Ba a So

Inda mutane da dabbobi da tsirrai suka taru daga wurare daban-daban, cututtuka da ƙwari ma sun sami kasuwa. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye mai tsanani a wata gona a yankin Jaji na jihar Kaduna, kuma bincike ya nuna cewa safarar kaji masu rai da kasuwanninsu sun taimaka wajen yaɗuwarta. Darasin ya shafi duk wanda zai kai dabba wurin nuni. A kai lafiyayyu kaɗai, waɗanda aka yi wa rigakafi, likitan dabbobi ya duba. A hana 'yan kallo taɓa su. Waɗanda suka dawo gida kuma a killace su nesa da sauran na tsawon mako biyu zuwa uku, a wanke keji da takalma da maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Tsirrai ma haka. A baje kolin Filadelfiya na 1876 aka nuna wani tsiro mai yaɗo daga Japan da ake kira kudzu, mutane suka yi sha'awarsa, daga baya aka shuka shi da yawa don hana zaizayar ƙasa. Yau ya lulluɓe itatuwa da gonaki a kudancin Amurka, ana kashe kuɗi ana yaƙi da shi. Akwai kuma wani tsiron ruwa mai kama da kainuwa, mai kyakkyawan fure, ɗan asalin yankin kogin Amazon, wanda ake danganta shigarsa Amurka da baje kolin birnin New Orleans na 1884. Mutane suka riƙa kai shi ƙasashe don ado. A 1984 ya bayyana a ruwayen Legas, yana toshe hanyar jiragen ruwa da komar masunta. Don haka duk iri ko dashe ko dabbar da za ta ƙetara iyakar ƙasa zuwa baje koli, ko daga can, sai ta bi ta hannun jami'an killace tsirrai da dabbobi.

Mai Tsaron Rumfa da Littafinsa

Kome kyan rumfa, mutumin da ke cikinta shi ake tunawa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ana bukatar aƙalla mutum biyu da suka san kayan ciki da bai, suna karɓa-karɓa don kada gajiya ta bayyana a fuskarsu. Wanda ya zauna a lungu ya duƙufa a kan wayarsa ya kori baƙi ba tare da ya ce uffan ba. Bayan gaisuwa, tambaya ta fi dogon jawabi: "Malam, me kake nomawa?" ko "Hajiya, yaya kike ajiye wakenki?" Amsar ita za ta nuna ko mai saye ne, ko dillali, ko ɗalibi, da kuma bayanin da ya dace da shi. Tambayar da ta fi ƙarfin mai rumfa kuma, ya karɓi lambar mai ita ya yi alkawarin nemo amsa, ya kuma cika.

Babban kayan aikin rumfa shi ne littafi. A kowane shafi a ja layuka: suna, gari, lambar waya, sana'a, abin da mutum ya nema, da abin da aka yi masa alkawari. A nemi izninsa kafin a rubuta, kada kuma a ba wani lambarsa. Kowace yamma a zauna a duba, a yi wa masu niyyar gaske alama. A wani shafin kuma a rubuta ƙorafe-ƙorafe da tambayoyin da suka fi maimaituwa. Idan mutum ashirin sun ce kwalbar zumar ta yi girma, sun fi son ƙarama, wannan bayani ne da manyan kamfanoni ke biyan kuɗi masu yawa don su samu. Idan da yawa suna zargin zumar da ta daskare cewa an haɗa ta da sukari, an gano abin da allon baɗi zai bayyana, wato daskarewa ɗabi'ar zuma ce ta asali saboda sukarin gulukos da ke cikinta.

Bayan An Tashi

A 1885 wani masani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa game da mantuwa. Ya gano cewa mafi yawan abin da aka haddace yakan zube ne cikin sa'o'in farko, bayan kwana guda abin da ya rage bai fi kashi ɗaya cikin uku ba, amma maimaitawa takan rage zubewar. Ɗan kallon da ya zaga rumfa ɗari a yini guda ba zai daɗe yana tuna ta wane ce ba. Da zafi-zafi akan daki ƙarfe: cikin makon farko a kira duk wanda aka yi wa alama, a tuna masa abin da aka tattauna, a aika masa abin da aka alkawarta. Wanda ya karɓi samfurin iri a sake nemansa da faɗuwar damina, a kuma neme shi lokacin girbi.

Daga nan sai lissafi. A ce wata ƙungiya ta kashe naira 600,000 a tafiyar baki ɗaya, mutum 120 suka bar sunayensu, 12 daga ciki suka zama abokan ciniki. Kowane suna ya tsaya mata a kan naira 5,000 ke nan, kowane abokin ciniki kuma naira 50,000. Idan ribar da za a samu daga kowannensu a shekara ta zarce haka, tafiya ta yi kyau. Idan ba ta kai ba, sai a duba inda aka kuskure: wurin rumfa ne, ko allo, ko farashi, ko kuma kasuwar ce ba ta dace ba. Kada a yanke hukunci ranar tashi, domin cinikin kayan noma yana bin damina. Bayan wata shida ne hoton zai fito sosai.

Ga Malamai da Ɗalibai

Makarantu da yawa sukan kai ɗalibai baje koli, su yini suna yawo, su dawo da ledoji cike da takardun talla. Ziyarar za ta fi amfani idan malami ya raba su rukuni-rukuni ya ba kowane aiki. Rukuni ɗaya ya tsaya kusa da rumfuna biyu, mai nunin aiki da marar shi, na tsawon minti talatin, ya ƙirga masu wucewa da masu tsayawa, ya auna daɗewarsu da agogo. Wani ya auna zafin iska a rana da inuwa da cikin rumfar kwano. Wani ya tattara iƙirarin da masu kaya ke yi, ya tambayi hujjar kowanne. A aji sai a zana jadawali a tattauna. Wannan darasi ne na lura da aunawa da tantance magana, waɗanda su ne ginshiƙan kimiyya.

Ƙungiyoyin kimiyya da na matasa manoma na makarantu kuma suna iya fara nasu nunin a ranar ba da kyaututtuka ko taron iyaye da malamai. Farantin gwajin tsiro, da tukunyar sanyi, da wake kashi biyu, duk ba su fi ƙarfin aljihun makaranta ba. Ɗalibin da ya iya tsayawa gaban mahaifin wani ya bayyana masa da Hausa dalilin da ya sa ƙwaro ke mutuwa cikin buhu, ya fahimci darasin numfashi fiye da wanda ya haddace shi don jarrabawa.

Kammalawa

A taƙaice, kwanaki goman da ake yi a fili tsakiyar aikin ne. Farkonsa yana can lokacin girbi, sa'ad da aka tsai da manufa aka ɗaure buhun gwaji. Ƙarshensa kuma sai wata damina, sa'ad da manomin da ya karɓi samfuri ya dawo neman buhu guda. Sakamakon bincike da dama yana nan ajiye a ɗakunan gwaji na jami'o'i da cibiyoyi, manoma kuma suna can suna asarar amfani saboda matsalolin da an riga an san maganinsu. Rumfar da aka tsara da ilmi, aka tsare ta da gaskiya, tana ɗaya daga cikin wurare kaɗan da waɗannan ɓangarori biyu ke haɗuwa ido da ido.